Hadarin Da Ya Bi Sawuna Har Bakin Teku

Tun da na dawo daga Sanagal ban huta da tambaya ba. In na je kasuwar Isa da man gyaɗana, kafin in sauke galan an kewaye ni. In na je barka ko gaisuwa nan Kamarawa, sai a manta da abin da ya tara mu a juyo kaina. Wai da gaske ne teku ta shigo mana ɗaki? Wai da gaske ne a can maza da mata kwano ɗaya suke ci? Har wata ta ce ta ji labarin kifi ya tafi da zanena. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga farko, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma a bar ni in sayar da maina.

Ɗiyata ta fari ce ta kai ni. Tana auren wani yaron Gangara, Lawali, mai tsire a wani garin masunta kudu da Dakar. Ta samu cikin fari, kuma bisa al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu. To ga nisa, ga yadda hanyoyinmu suka koma, likitar can kuma ta ce kada ta kuskura ta hau mota. Na ce wa Malam, maigidana, in ita ba ta zuwa ni za ni. Ya ce ko na san inda Sanagal take? Na ce ban sani ba, amma ko bayan duniya ce ɗiyata ba ta yin jegon fari babu mai dafa mata ruwan zafi.

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Ɗiyar fari ce. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, in ta zo gidanmu "ke" nake ce mata, in ana hirarta a gabana sai in kama wani aiki. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tashi na gani. Amma kunya ba ta hana zuciya tafasa, kuma Allah ya sani tun da aka ce tana da ciki ban yi barcin kirki ba.

Ƙanena Hashimu ne ya raka ni, shi da yake fataucin kayan fata ya san hanyar. Na ɗaure kanwa, da garin gero, da daddawa, da yaji, da man shanu a gora, da ƙaton bahon wanka. Hashimu ya dubi kayan ya ce ai akwai baho a Sanagal. Na ce ban san irin nasu ba.

Mun bar gida ana fama da fari. Gero ya yi ciki, ruwa ya ɗauke, ganye ya nannaɗe. Sau biyu ana fita roƙon ruwa, mu mata muna dafa sadaka muna rabawa. Ranar da za mu tafi na tsaya bakin gonar Malam na dubi gabas, wayam, ko ɗigon girgije babu. Na roƙi Allah ya turo mana hadari babba, wanda zai jiƙa ƙasa har ƙasan saiwa. Ku riƙe wagga addu'a, za mu dawo kanta.

Daga Isa zuwa Sabon Birni babu mai magana cikin mota, kowa idonshi na kan daji, bakinshi na motsi. Sai da muka tsallaka Nijar sannan mutane suka tuna suna da murya. A nan ne kuma na yi rigimata ta farko. Wani ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, yaro ƙarami da bai wuce sa'ar autana ba, ya kwance ƙunshin kanwata ya ɗaga dunƙule ɗaya yana juyawa, wai mene ne wanga farin abu? Da Hausa yake tambaya, Hausa rangaɗau, da zanen Gobir a kumatunshi. Na ce ashe uwarka ba ta sha kunun kanwa ba da ta haife ka? Hashimu yana ta taka mani ƙafa. Yaron ya lasa, ya yamutsa fuska, abokan aikinshi suka fashe da dariya. Shi da kanshi ya ɗaure mani kayan, ya ce in gai da mai jego.

Daga Madawa muka shiga babbar mota, wadda suke ce wa kar, ta bi da mu Konni da Doso har Yamai. Daddawata ta ba ni kunya a wannan motar. Sanyin na'ura suka kunna, tagogi a rufe, kafin mu kai Dogon Dutsi kowa ya san abin da ke cikin buhuna. Wata Bazabarma da ke kusa da ni ta toshe hanci da gyale, da muka sauka salla kuma ta matso ta ce in sam mata kaɗan.

Bayan Yamai Hausa ta fara ƙarewa. A ƙasar Burkina sojoji suka yi ta sauke mu, a duba kati, a duba takardar allura, a sake hawa. Gwiwoyina dama ba lafiya gare su ba, kafin mu kai Wagadugu sun kumbura. Abin da ya ba ni mamaki a can mata ne bisa babur, tsofaffi sa'o'ina, da goyo da tulu da buhu, suna tsala gudu babu mai kallonsu. Na ce wa Hashimu da a Isa ne da kasuwa ta watse. Mun kwana a tasha bisa tabarmar haya, na yi matashi da bahona, don ban yarda da kowa ba.

A Bamako muka sauka gidan wani mutumin Tsibiri, abokin cinikin Hashimu. Matarshi 'yar ƙasar ce, ba ta jin Hausa, amma ta kawo mani ruwan ɗumi da kanta ta gasa mani gwiwa. Ta yi mana tuwon gero da miyar kuɓewa, sai dai tuwon nasu da kanwa ake tuƙa shi, ya yi wani kore-kore. Na ci don yunwa da kunya. Da safe kuwa ba koko ba fura, sai burodi dogo kamar sanda da aka tsaga aka zuba wake ciki. Tun daga nan har na dawo gida, kullum safiya da sandar burodin nan nake karyawa.

Muna garin Kay, kusa da iyakar Sanagal, inda zafi ya fi na Sakkwato, wayar Hashimu ta yi ƙara. Lawali ne. An sauka lafiya, namiji. Hashimu ya miƙo mani wayar na ture hannunshi, na juya fuska wajen taga na yi ta kallon itatuwan kuka. Matar da ke gefena ta ga hawaye ta zaci mutuwa aka yi, ta kama hannuna tana ba ni haƙuri da yarensu.

Hashimu ya kai ni har ƙofar gidan, ya ga jariri, ya wuce Dakar wajen cinikinshi a kan zai dawo ranar suna. Garin shimfiɗe yake bisa rairayi, gidajen bulo a matse da juna, ga jirage masu fenti jere a baki. Ban san yadda zan kwatanta maku teku ba. Ruwa ne da babu tsallakenshi, kuma ba ya yin shiru ko kaɗan. Gidan da su Lawali ke haya yana layin farko, in ka fito ƙofa ka jefa dutse cikin ruwa zai faɗa. Na ce wane irin mutum ne zai gina ɗaki a bakin wanga abu? Aka ce mani da can ba a baki yake ba.

Mai gidan wata dattijuwa ce, Astu, doguwa baƙa mai faɗa kamar ni, 'ya'yanta maza duk masunta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Wolof, amma tun ranar farko muka fahimci juna. Ta leƙo ta ga na hura wuta na ɗora tukunya, na tsoma ganyen dogon yaro cikin tafasasshen ruwa ina fyaɗa wa mai jego, sai ta yi salati ta riƙe mani hannu, ta zaci dafa yarinyar zan yi. Su a can tausa suke yi wa mai jego da man kaɗanya. Muka raba aiki, ni wanka safe da yamma, ita tausa da rana. Kunun kanwa kuwa ta ɗanɗana sau ɗaya ba ta sake ba.

Maganar kwano ɗaya gaskiya ce. Shinkafa da kifi ake jibgawa a faranti mai faɗi, uba da uwa da 'ya'ya da baƙo kowa ya sa hannu, uwar gida tana gutsuro kifi tana turawa gaban kowa. Astu ta kira Lawali ya zo mu ci tare. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kanshi. Tun da na iso bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, in muka yi kiciɓis a tsakar gida sai ya koma da baya. Da aka bayyana wa Astu cewa suruki ba ya cin abinci gaban uwar matarshi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wani abin kuma, raguna. Ban taɓa ganin mutanen da ke son rago kamarsu ba, har cikin teku suke kai shi su wanke da sabulu. Ragon sunan da Lawali ya saya an wanke shi ya fi ni fari.

Washegarin isata Malam ya kira. Ruwa ya sauka a Kamarawa. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, da iska mai ƙarfi har ta yaye rufin wasu gidaje a Isa, aka kwana aka wuni ana yi, gero ya miƙe. Na yi hamdala, na yi guɗa a tsakar gidan mutane. Lawali daga bayan katanga ya ce wa matarshi ta gaya mani ai ga hadarin nan a wayarshi. Ta nuna mani hoton ƙasashe daga sama, da wani farin dunƙule kamar audugar da aka shaɓa. Wai masu duba yanayi suna ganinshi, kuma duk hadarin da ya wuce mu yamma yake yi, har ya faɗa teku.

Ni ban taɓa tambayar inda hadari ke zuwa in ya wuce mu ba. Ya ba mu ruwa, ya tafi, shi ke nan. Sai ga shi kullum safe mai jego tana nuna mani inda ya kwana. Yau ya wuce Yamai. Gobe yana kan Wagadugu. Jibi ya rufe Bamako. Duk inda na bi nan yake bi, ba mai tambayarshi kati. Har alfahari na riƙa yi, na ce a gaya wa Astu ta fito da robobinta, ruwan garinmu na nan tafe, ta ɗanɗana ta ji. Da aka fassara mata ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta fita bakin ruwa, domin 'ya'yanta biyu suna cikin teku tun shekaranjiya.

Hadarin ya iso, amma ta kudu da mu ya ratsa. Mu yayyafi muka samu da 'yar iska, gari ya waye tas. Na ce to, ya wuce, Allah ya raka taki gona. Sai mai jego ta ce wai yanzu ne ma za a fara. Rediyo na ta magana, wayoyin masunta na ta ƙara da saƙon murya. Wai da ya hau kan ruwan ɗumi sai ya fara juyawa yana tara ƙarfi, yana neman zama guguwa. A hoton ma na gani da idona, audugar nan ta nannaɗe kamar furar da ake damawa a ƙwarya. Har suna aka raɗa mashi, sunan mutum, irin na Turawa. Aka ce ba kanmu zai dawo ba, wasu tsibirai ya nufa, amma zai turo ruwa zuwa gaɓa, ga shi kuma wata ya cika, lokacin da teku ke hawa sosai.

A inda jirage ke sauka akwai sanda da ake ɗaga tuta. Kore in lafiya, rawaya in a yi hattara. Ran nan da hantsi aka ɗaga ja. 'Ya'yan Astu sun samu saƙon suna can, suka juyo, suka iso da jirgi rabi babu kifi, uwar ta rungume su tana zaginsu. Maza suka taru suna jan jirage bisa gungume zuwa cikin gari, suna waƙa. Lasifikar masallaci ta yi sanarwa, mutanen layin farko suka fara kwashe katifu da tukwane zuwa wata makaranta da ke kan tudu. Wannan duka ana gobe suna.

Bayan azahar Lawali ya zo ya durƙusa bakin ƙofa, kanshi a ƙasa. Ya gaishe ni kamar ba mu gaisa da safe ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai ana cewa, wai mutane na ganin, wai ko da za a ɗan matsa sama kafin la'asar. Raina ya ɓaci. Na fito na dubi gabas, fes. Na dubi sama, rana tsaka.

Na ce, "Kai Lawali, a Gangara aka haife ka ko a ina? In hadari ya taso ɗaki ake shiga a rufe ƙofa, ba fita ake ba. Ɗanyen jego, jariri ko suna babu, in fito da su cikin iska sanyi ya shige su? Ba da ni ba. A bari a raɗa suna gobe, in ya so ku kai mu duk inda za ku kai mu."

Ya ce, "To, Inna."

Abin da ya ce ke nan. Yaron nan ya san abin da ke tafe, shekararshi nawa a garin, amma bakinshi ba ya iya musa mani sau biyu. Ita ma mai jegon ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe. Ya tashi ya cika buhuna da rairayi ya jera a ƙofar gida. Ya kwashe kayan tsirenshi da ragon ya kai tudu. Sannan ya dawo ya zauna a gindin katanga daga waje, ya zuba wa teku ido. Ina ganin ƙeyarshi ta taga, tausayinshi ya kama ni, amma ban sauko ba. Ni ma ba mugunta ce ta sa ni ba. Na ga matan da sanyin jego ya nakasa, kuma don in tsare ɗiyata daga shi na ratso ƙasa huɗu.

Astu ce ba ta da kunyar kowa. Ta shigo ta kama wuyan hannuna kamar yarinya, ta ja ni har ƙarshen lungu. Ruwan ya canza, ya yi launin toka, yana tasowa dogo-dogo ya faɗi da ƙara kamar an kife kwano, ga shi babu iskar kirki. Ta nuna mani wani abu can cikin ruwa, in igiyar ruwa ta janye sai ya bayyana. Bakin rijiya ne na siminti, tsaye shi kaɗai cikin teku. Ta nuna shi, ta bugi ƙirjinta. Ta zana ɗaki a iska da hannu, ta yi kamar tana rungume da jariri, ta ɗaga yatsu tana ƙirga 'ya'yanta. Sannan ta share tafin hannunta da ɗayan.

Sai a lokacin na tuna gulbinmu, yadda yake cikowa ya cinye fadama rana tsaka, mu ko ɗigo ba mu gani ba, ruwan da aka yi can wajen Zamfara ne ya gangaro. Ashe ita ma teku haka take. Ni ina duban gabas, abin ta yamma yake zuwa.

Na dawo na ce wa Lawali za mu tafi. Amma na ce sai an yi wankan yamma tukuna, tunda ruwa na kan wuta, kuma ban san ko a makarantar za a samu wurin hurawa ba. Ya dubi teku, ya dubi ƙasa, ya ce to. Da na sani.

Na gama fyaɗa wa mai jego ganye ke nan tana ɗaura zane, sai na ji wani ƙugi, buhunan ƙofa suka shigo tsakar gida da ruwa a bayansu. Murhu ya yi cuu ya mutu, tukunyar ta kife. Ruwan ya janye da takalmanmu, kafin mu gama salati wani ya sake shigowa har gwiwa, katangar da ke fuskantar teku ta tsage. Astu ta fizgi bahona, ta shimfiɗa zane, ta sa jaririn ciki ta ɗora a ka, ta yi gaba. Lawali ya tsaya tsakanina da matarshi bai san wa zai kama ba. Na daka mashi tsawa ya kama matarshi. Ita kuma ta ture shi ta ce ya kama Inna, ita tana iya tafiya.

Lungun ya zama rafi. Shigowar ruwan ba ta kai komawarshi muni ba, don in zai koma sai ya kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Gwiwoyina suka ƙi. Yaron nan da bai taɓa duban fuskata ba ya durƙusa cikin ruwa ya ce, "Inna, ki gafarce ni," ya saɓa ni a baya kamar buhun gero. Daga bisa bayanshi nake hango mai jego a gabanmu, tana dafa bango, jiki babu ƙwari. Sai wata igiyar ruwa ta shigo ta gefen wani lungu ta buge ta, ta faɗi, ruwan ya fara jan ta baya, wajen teku. Ga igiyar jirgi ɗaure a jikin wani turke dab da hannunta na dama, ita kuma ta rufe ido tana lalube ta hagu.

Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba.

"Saratu! Damanki! Saratu, kama igiya!"

Ta buɗe ido ta juyo, ta miƙa hannu ta cafke. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Astu ya faɗa ruwan ya ɗago ta. Haka muka isa tudu, ni a bayan surukina, zanena ɗaya ya tafi, wanda aka ce kifi ya ci. Jaririn kuwa ko farkawa bai yi ba cikin bahon da Hashimu ya ce kada in ɗauko.

Kafin magariba layin farko ya tafi rabi. Ɗakin da na ce ba za mu fita ba, washegari babu shi sai daɓen siminti a karkace. Jirage da yawa sun farfashe duk da an ja su, kuma wani jirgi daga garin gaba da bai samu saƙon da wuri ba bai dawo ba. Na ga matan masu jirgin tsaye bakin ruwa da safe, suna duban teku. Na tsaya kusa da su, ina tuna ni ce na tsaya bakin gona na roƙi hadari babba. Na san ba addu'ata ce ta kashe kowa ba, Allah shi ke da ruwanshi. Amma abin ya tsaya mani a rai, har yau bai sauka ba.

A ajin makaranta aka raɗa suna, tsakanin katifun mutane. Hashimu ya iso a rikice. Mutanen da suka rasa ɗakunansu jiya su ne suka dama gero da nono suka raba, irin nasu na suna, Astu na ta ba da umarni kamar ba ita ce ta rasa gida karo na biyu ba. Ni ce na hura wuta bayan ajin, da duwatsu uku da tukunyar aro, aka ci gaba da wanka. Sanyin da nake tsoro bai kama mai jego ba. Lawali ya koma durƙusonshi daga nesa, kanshi a ƙasa, kamar ba shi ya goya ni ba. Ni ma ban tayar da maganar ba, sai dai na riƙa zuba mashi kunu da hannuna ina aika mashi.

Sai da aka yi arba'in na kamo hanya, lokacin sun samu ɗaki can cikin gari. Ranar da za ni tafi ina ɗaure kaya, mai jego ta zo ta zauna kusa da ni da yaron a cinya. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, ina da aiki. Ta tashi tana murmushi. Ni kuma na kasa ganin bakin buhun da nake ɗaurewa.

Na tarar da gero a rumbu, wanda ruwan nan ya ceta, da shi muke tuwo yanzu. Roƙon ruwa ban daina ba, manomi ba ya dainawa, sai dai yanzu ina ƙarawa da Allah ya sauke shi lafiya a inda za shi. Kuma duk ranar da hadari mai iska ya wuce Kamarawa ya yi yamma, ba na jiran masu hoton sama. Ina shanya kayan da suka jiƙe, in ari wayar Malam in shiga ɗaki in tura ƙofa. In ta ɗauka sai in ce, "Saratu, ga wani nan ya wuce mu. Ku dubi tuta."